Kafin ka ajiye ma'aunin haske a layin faiba, fito da biro tukuna

A hunturun bana muna cikin wata shelta, ɗan ɗakin na'urorin sadarwa, a kan hanyar Katsina zuwa Daura, hazo ya rufe gari har ba ka hango bishiyar da ke tsallaken titi, sai yaron da nake koya wa aiki ya ɗago kai daga kwamfuta ya ce da ni, "Maigida, ai layi ya hau. Fitila ta yi kore, babu alam ko guda. In ajiye lambar mu tahi?" Na ce nawa ka gani? Ya ce -12.6. Na ce to, nawa ya kamata ka gani? Sai ya yi shiru.

Shirun nan nasa ne ya sa na zauna rubuta wannan. Yaro ne mai hannu, waldar faibarsa, wato haɗa zaren gilashin da saƙo ke bi ta cikinsa da haske, ta fi ta wasu da suka riga shi shiga sana'ar, amma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa cewa ranar da ake ɗora layi kan aiki lambobi uku ne a gabansa. Akwai wadda lissafi ya ce ya kamata ta iso. Akwai wadda ta iso da gaske, wato abin da aka karanta a bakin na'urar karɓa. Sai ta uku, wadda za ka ajiye a manhajar sa ido a matsayin ma'auni, da ita za a riƙa gwada lafiyar layin shekara da shekaru. Ta ukun nan tiya ce. Wanda ya taɓa awon gero a kasuwar Mai'aduwa ya san idan an buga gindin tiya ya shige ciki, sai mai saye ya ƙirga awonsa daidai, ya je gida ya tarar buhu bai cika ba. Haka yake ga wanda ya ajiye karatun layi mai ciwo ya ce shi ne ma'auni. Daga ranar, manhajar za ta riƙa ce wa kowa layi lafiya ƙalau.

Bari mu fara da lambar kanta, don nan ne sababbin yara ke rikicewa. Ana auna ƙarfin hasken da ke cikin faiba da dBm. Sifili dBm daidai yake da miliwat ɗaya. Duk lokacin da ka sauka da 3, ƙarfin ya ragu da rabi. Idan ka sauka da 10, kashi ɗaya cikin goma ya rage. Ke nan -20 dBm kashi ɗaya ne cikin ɗari na miliwat. Lambobin da ke ɗauke da mainos kuwa ka ɗauke su tamkar bashi: wanda ake bi 8 ya fi wanda ake bi 13 kwanciyar hankali, don haka -8 ya fi -13 ƙarfi. Shi kuma dB wanda babu m a bayansa tazara ce tsakanin lambobi biyu, da shi ake faɗar asarar da haske ya yi a hanya. Haske ya fito da dBm, ya yi asarar dB, ya isa da dBm. In ka riƙe wannan, sauran debewa ce irin ta firamare.

Tun kafin ka bar gida, nemo takardar bayanin SFP ɗin da za ka saka, ɗan ƙarfen nan da ake zurawa a na'ura, mai ɗauke da leza da idon karɓa. Abu biyu kake nema a ciki: mafi ƙarancin hasken da idon zai iya gani, da mafi yawan da zai iya ɗauka. Na layinmu na ranar shi ne mai gudun gigabit 10 na kilomita 40, wanda ake ce wa ER. Yana aiki a zangon 1550 nanomita, idonsa na karɓa daga -15.8 zuwa -1 dBm. Ɗan'uwansa LR na kilomita 10 a zangon 1310 yake, yana karɓa daga -14.4 zuwa +0.5. Maganar zango kuwa ba baƙuwa ba ce ga wanda ya tashi yana murɗa rediyo neman tasha a gajeren zango. Mitar auna haske ma sai ka saita ta a zangon da leza take, in ba haka ba za ta ba ka lamba, amma ba ta gaskiya ba.

Da ka isa wurin, fara da bakin fita. Kada ka yarda da abin da takarda ta ce leza na fitarwa, don takarda tazara take bayarwa, ta ER daga -4.7 har +4. Sa gajeriyar igiya mai tsabta wadda ka amince da ita, ka haɗa da mita, ka karanta. Namu ya ba mu +1.0. Kuma don girman Allah kada ka leƙa bakin faiba da ido don ka ga ko akwai haske. Hasken 1310 da na 1550 ido ba ya ganinsu, ba za ka ma ƙifta ba, amma yana iya yi wa ido illa, musamman a layin da ke da amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin haske. In kana son ganin ko zare ya wuce, akwai 'yar fitilar nan mai jan haske ta 650 nanomita, ita ma daga gefe ake kallonta.

Sai biro da takarda. Tsawon kebul ɗinmu kilomita 32 ne, kuma ka lura tsawon kebul nake faɗa ba na titi ba, don akwai rarar da ake naɗewa a kowane manhol. Lambar mita da aka buga a jikin kebul ko OTDR, na'urar da ke harba haske cikin zare ta nuna tsawonsa da inda ake asara, su za su gaya maka gaskiya. Faiba irin G.652 da aka fi shimfiɗawa a ƙasar nan tana cin kamar 0.35 dB a kowace kilomita a zangon 1310, a 1550 kuma tsakanin 0.2 da 0.25. Ni 0.22 nake sakawa. Sau 32 ya ba da 7.0. Kebul ɗin ya zo a dirom takwas na kilomita huɗu-huɗu, mahaɗa bakwai ke nan a daji, da walda ɗaya a ODF na kowane gefe, wato akwatin da zaren kebul ke ƙarewa a ciki, tara gaba ɗaya. Ina ba kowace walda 0.1, ko da yake mai kyau ba ta kai haka ba: 0.9. Kanekta biyu, kowace 0.5: 1.0. Jimla 8.9 dB. Debe daga +1.0, sai ka samu -7.9 dBm. Wannan ita ce amsar tambayar da na yi wa yarona.

Yanzu je bakin karɓa, zare igiyar daga SFP, sa ta a mita. Me ya sa ba za ka tsaya a abin da kwamfuta ta nuna ba? Saboda SFP da kansa yake auna hasken ya faɗa wa manhaja, kuma ƙa'idar SFF-8472 da ake ƙera su a kanta ta yarda karatun nasa ya kauce har 3 dB sama ko ƙasa. Da yawa sun fi haka daidai, amma ban yarda da kowanne ba sai na gwada shi da mita. Ranar mita ta ce -12.4, kwamfuta ta ce -12.6. Bakinsu ɗaya, ke nan matsalar a hanya take. Tsakanin -7.9 da -12.4 akwai 4.5 dB, kusan kashi biyu cikin uku na hasken da ya kamata ya iso ya zube a wani wuri da ba mu sani ba. Ƙa'idata ita ce: in tazarar ba ta wuce 1 dB ba, na karɓa. In ta kai 2, ba na rufe shelta sai na san dalili.

Wurin nema kuma, fara da abin da ke hannunka kafin ka hau mota. A ƙasarmu ta Katsina ƙura ce ta farko, ta biyu, ta uku. Cibiyar zaren da haske ke bi faɗinta maikiron 9 ne kacal, silin gashin kai ya ninka ta sau da yawa. Ƙwayar ƙura ɗaya ta hunturu ta isa ta zauna a tsakiyarta. Na sha ganin mutum ya cire murfin kanekta ya ajiye a ƙasa, ya hura bakin da baki, ya goga a riga, ya zura. Kowanne cikin ukun nan ɓarna ce. Ka duba bakin da madubin duba kanekta, ka goge da biron gogewa mai danna ɗaya, in datti ya ƙi fita ka ɗiga sifirit na aisofurofil kashi 99 a kan takardar da ba ta barin zare, ka sake bi da busasshiya, ka sake dubawa. Ka goge ɓangarorin biyu, har da wanda ke cikin adafta, don mai datti na shafa wa mai tsabta. Sabuwar igiya da ka fito da ita daga leda ma ba a yarda da ita sai an duba. Da muka goge kanektocin gefe biyu, mita ta tashi zuwa -10.3. Ƙura kaɗai ta ci mana 2.1 dB.

Kana cikin haka, dubi launin kanekta. Shuɗi, wato UPC, bakinsa a miƙe yake. Kore, wato APC, an fere shi a karkace da digiri 8. Suna shiga adafta ɗaya ba gardama, shi ya sa ake yawan haɗa su da dare ko cikin gaggawa, amma bakunansu ba sa haɗuwa, haske ya zube, wani lokaci ma su ƙarce juna duka biyun su tashi daga aiki. Kore da kore, shuɗi da shuɗi.

Saura 2.4 dB muna nema, sai muka fito da OTDR. Kafin ka harba, tabbatar an zare zaren daga SFP na ɗaya gefen, don hasken OTDR na iya lalata idon karɓa, kuma ka sa doguwar igiyar farawa don ka ga kanektar farko. Ga dabarar da nake so kowa ya riƙe: harba a zango biyu, 1310 da 1550, ka jera hotunan. Waldar da ba ta yi kyau ba asararta kusan iri ɗaya ce a zangon biyu. Lanƙwasa kuwa ta fi cin 1550 nesa ba kusa ba. A wajen kilomita ta 20 muka ga wani wuri da ya ci 0.3 a 1310, ya ci sama da 2 a 1550. Ba sai an faɗa ba. Muka je muka buɗe manhol, muka tarar an naɗe zaren a cikin faranti da ƙaramar da'ira, sannan an ɗaure shi tamau da igiyar roba. Irin G.652 ba ta son da'irar da ta gaza milimita 30 daga tsakiya zuwa baki, G.657 da ake shiga gidaje da ita ce ke jure matsi. Yarona ya sassauta ɗaurin, ya sake naɗewa da faɗi. Da muka koma, mita ta ce -8.3, kwamfuta ta ce -8.5. Tazara da lissafi 0.4. Sai a lokacin na ce masa ya ajiye.

Wace zai ajiye, ta mita ko ta kwamfuta? Ta kwamfuta, -8.5, don gobe manhajar da karatun SFP za ta riƙa kwatantawa, ba da mitata ba. Da tiyar da aka yi awo da ita ake sake awo. Ta mita kuma ta shiga takarda, domin wanda zai zo bayanmu ya san bambancin da ke tsakaninsu. Kuma duk abin nan da muka yi na zare ɗaya ne. Layi zare biyu ne, mai zuwa da mai dawowa, kowanne da nasa ciwon, don haka a maimaita a ɗaya ɓangaren. Kada kuma ka rikita wannan ma'auni da maɓallin REF na jikin mita. Shi wancan na mayar da karatun yanzu sifili ne don ka auna asara kai tsaye a dB. In ka manta shi a kunne, lambar da kake gani ba dBm ba ce.

Dalilin da ya sa nake tsananta wa wannan, ni na taɓa yin kuskuren da yarona ya so yi, kuma mutane suka wahala a dalilina. Shekarun baya, a wani layi makamancin wannan, na tarar da -13, yamma ta yi, hanyar ba ta son dare, na ajiye na tafi. An saita manhajar ta yi ƙara in karatu ya kauce daga ma'auni da 3 dB. Lissafa da kanka: ƙarar ba za ta tashi ba sai a -16, idon karɓa kuwa ya daina gani tun a -15.8. Na ɗaura ƙararrawar da ba za ta kaɗa ba sai bayan layi ya faɗi. Da damina ta zo, masu aikin hanya suka tsinke kebul ɗin sau biyu, kowane gyara ya ƙaro walda biyu da ɗan guntun kebul, ruwa kuma ya shiga wani akwatin mahaɗa. Hasken ya yi ta sauka a hankali, manhaja na nuna kaucewar ƙasa da 3, ba wanda ya motsa. Sai layi ya fara ɗaukewa yana dawowa. Masu POS a garin suka kwana biyu kuɗi na maƙalewa, akwai ɗaliban da ke cike fom ɗin jarrabawa a makon. Mun gyara, amma har yau abin na damuna. Da -8.5 ne ma'aunin, da ƙarar ta tashi a -11.5, akwai sauran rarar sama da 4 dB, a tura mutum ya duba cikin natsuwa layi na aiki. Gwamnatin Tarayya ta sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa a 2024, amma har yanzu katafila na haƙa, don haka duk layin da ka miƙa ka sa a ranka za a tsinke shi, ka bar masa rarar da zai ɗauki waldar gyara. Tun ran gini tun ran zane.

Akwai kuma kuskuren da ke ɗaya ɓangaren, wanda mutane ba sa tsoro don suna ganin yawan haske alheri ne. A cikin gari, tsakanin Ƙofar Ƙaura da GRA misali, tafiyar kilomita kaɗan ce, asarar ba za ta wuce kamar 2 dB ba. In SFP na kilomita 80 ne kawai ke cikin jakarka ka saka shi, zai fitar da kamar +2, ya isa da kusan sifili, alhali idon irin waɗannan, mai suna APD, yawanci -7 ne iyakarsa. Da farko kurakurai za su yi yawa a layin, in abin ya yi tsanani idon ya ƙone. Maganinsa ɗan ƙarfen rage haske ne, atinuweta, na 10 dB, a saka a bakin karɓa, karatu ya dawo wajen -10. Rubuta a takarda cewa akwai shi, ka ɗaura masa alama, don wani zai zo gyara ya gan shi ya ɗauka shi ne matsalar ya cire.

Masu shiga gidaje da GPON, tsarin da ke raba zare ɗaya ga gidaje da yawa, lissafin ɗaya ne, sai dai sifilita, abin da ke raba hasken, ke cin mafi yawa. Haske na saukowa daga OLT, na'urar da ke tashar kamfani, a 1490, yana komawa a 1310. A ajin B+, OLT na fitar da +1.5 zuwa +5, akwatin gida kuma na karɓa daga -27 zuwa -8. Sifilita mai raba ɗaya zuwa takwas na cin kamar 10.5 dB, biyu a jere 21. Ƙara 3 ko 4 na zare da walda da kanekta, in OLT ya fito da +3 za ka sa ran -21 zuwa -22 a falon mai gida. In ka ga -26, intanet zai yi aiki yau, mai gida zai yi maka godiya har da ruwan sanyi, amma saura 1 dB ya faɗi. Ni ba na barin gida a ƙasa da -25.

Inda abin ya fi buƙatar hankali shi ne manyan layuka masu ɗauke da zanguna da yawa a zare ɗaya, wato DWDM. Abin da amfilifaya ke karantawa a bakinta jimlar hasken dukkan zangunan ne. In kowane zango na zuwa da -19, zango biyu za su nuna -16, huɗu -13, takwas -10, arba'in kuwa kusan -3. Duk ninki biyu, ƙarin 3. Don haka ma'aunin da aka ajiye ba tare da an rubuta zango nawa ke kunne a ranar ba, ba shi da amfani ga kowa. Na taɓa ganin an tashi mutane da tsakar dare neman ciwo a kebul don karatu ya sauka da 3 dB, ashe an kashe rabin zangunan ne a can babbar tasha. A irin wannan layin, kafin ka taɓa komai tambayi nawa ke kunne yanzu, nawa ne ran da aka ajiye.

Wannan ya kawo mu kan yaushe ya halatta a canza ma'auni. In an ƙara zango ko an rage, a canza. In an sauya SFP, a sake aunawa a canza, don kowace leza da ƙarfinta. In an karkatar da kebul saboda sabuwar gada ko magudana, tsawo ya ƙaru, a sake lissafi, a harba OTDR, in sun yi daidai a canza. Amma alam ta dame ka a allo, ka danna ka mayar da karatun yau ma'auni don ta yi shiru, wannan ban yarda da shi ba ko daga wa ya fito, ko da oga ne ya ce a yi. In an matsa maka, ka ce a rubuta maka.

Wani abu da ake mantawa shi ne zafi. SFP na yau da kullum an ƙera shi ya yi aiki tsakanin digiri 0 da 70 a jikinsa. A watan Afrilu a Daura, in na'urar sanyaya shelta ta tsaya, cikin kabad ba ya daɗewa bai kusanci haka ba, karatu kuma na iya motsawa. Kada ka ajiye ma'auni a shelta mai zafi ko minti biyu bayan kunna na'ura. Bar ta ta zauna kamar rabin awa, ka duba zafinta a manhaja, sannan ka karanta. Mitarka ma a riƙa kai ta gwaji duk shekara; in ba hali, aƙalla ka jera ta da ta abokin aiki a kan leza ɗaya ku ga ko bakinsu ɗaya.

Takardar da muka bari ranar, a cikin leda muka sa ta muka manna a bayan ƙofar ODF na gefe biyu, na kuma ɗauki hotonta na tura wa masu sa ido. A jikinta akwai kwanan wata, lambar zare, zango 1550, irin SFP da lambarsa, abin da ya fita +1.0, lissafi -7.9, mita -8.3, manhaja -8.5, da inda aka ajiye hoton OTDR na zango biyu. Yarona ne ya rubuta da hannunsa. Da ya gama, muka juya kan zaren dawowa, na miƙa masa biro, ya fara da 32 sau 0.22.